Koyar da karatun Turanci ta waya: kai tsaye ya fi ko a naɗa a tura?

Malamar_Angile_Garwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema gun waɗanda suka san harkar koyarwa ta waya. Ni malamar Turanci ce a wata lekol, wato makarantar firamare, mai zaman kanta nan Garwa a Kamaru, CE2 zuwa CM2 (aji huɗu zuwa shida) nake ɗauka, da yamma kuma ina ɗan yin repetisiyo, wato ƙarin darasi, a gida. To yanzu yaran sun fara yawa kuma nesa suke, wasu Yelwa wasu Rumde Ajiya wasu ma daga Pitowa ake son a kawo su, kuɗin moton kai yaro da dawo da shi sai ya nemi ya fi kuɗin repetisiyon kansa, shi ne wata uwa ta ce min me zai hana in koma yi ta waya kowa na gidansu.

Yaran nan a gida Hausa ko Fulatanci suke yi, a lekol Faransanci, Turancin nan shi ne harshe na uku ko na huɗu a kansu kuma ɗan lokaci kaɗan ake ba shi a sati. Ni ba nahawu ne damuwata ba yanzu, so nake a miƙa wa yaro takarda da Turanci ya karanta ya gane abin da ya karanta, don in ya shiga sakandare a haka to har jarrabawar BEPC yana jan ƙafa.

Hanya biyu ce a gabana. Ko in riƙa kiransu kai tsaye ta WhatsApp ko Zoom a lokaci ɗaya muna yi tare, ko kuma in naɗi darasin a bidiyo in tura musu kowa ya kalla lokacin da ya samu. Maigidana ya ce in naɗa kawai ya fi sauƙi, wata abokiyar aikina kuma ta ce wannan ba koyarwa ba ce sayar da kaset ne. Wanne ne yaro ya fi saurin iya karatu da shi? Kuma wanne iyaye za su iya jurewa ta fannin kuɗin forfe, wato data ta intanet? Na gode Allah ya bar zumunci.

Abban_Sadiya_Kuseri

Wa alaikumus salam Malama. Ni dai a matsayina na uba zan yi magana ba malami ba, ki naɗa wlh ki naɗa. Mun taɓa biya wa yarana darasin kai tsaye gun wani malami, mutumin kirki ne ya iya aikinsa ba laifinsa ba ne, amma ƙarfe biyar na yamma da ya sa ni ina Njamena ban ma ƙetaro gadar Ngeli ba, kuma waya mai intanet a gidan guda ɗaya ce tana aljihuna. Ranar da na dawo da wuri kuma sai a ɗauke wuta ko rezo, wato netwok, ya yi ta yankewa, malam na magana murya na tsinkewa yaro na cewa alo alo har lokaci ya ƙare, forfe ya tafi kuɗin malam ya tafi yaro bai ƙaru da komi ba.

Wanda aka naɗa kuwa da daddare nake saukewa lokacin da rezo ya yi sauƙi, in zuba a memori in sa a tsohuwar wayar uwarsu da ba ta da sim ma, su kalla da safe su kalla da rana, maƙwabta su zo su ɗauka ta Xender, manhajar tura abu daga waya zuwa waya. Mu da muke bakin iyaka mun ga abin da ya faru a Cadi daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 da aka toshe WhatsApp da Facebook, sai wanda ya iya VPN, manhajar zagaye toshewar, kuma shi ma cin forfe gare shi. In da darasin mutum kai tsaye ne a lokacin ai ya tsaya ke nan sama da shekara. Abin da ke cikin memori ba mai toshe maka shi.

Kuma ki sani 'yan'uwanmu na ƙetaren kogi sun fi mu buƙatar abin nan, don mu a Kamaru ko ba komi Turanci harshen gwamnati ne tare da Faransanci, su a Cadi Faransanci da Larabci ne, amma kowa na son ɗansa ya ji Turanci saboda aikin ƙungiyoyin agaji da karatu a Najeriya. In kin naɗa ki ba ni labari ni ma ina so.

Tsohon_Malami_Marwa

Salamu alaikum. Abban Sadiya duk abin da ka faɗa a kan wuta da rezo gaskiya ne, mu nan Marwa in aka shiga Maris da Afrilu ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya ai mun san yadda ake rabon wuta unguwa unguwa. Amma tambayar da 'yata ta yi ita ce wanne yaro zai iya karatu da shi, kuma nan ne zan ɗan saɓa maka.

Malama kin san Turanci haruffa 26 gare shi amma sautukansa sun kai wajen 44, wannan shi ne tushen wahalar. Yaranmu kuma ba hannu rabbana suke zuwa ba, sun riga sun koyi karatu da dokar Faransanci, to da ita suke auna komi. Ki rubuta masa "pain" zai karanta miki burodi, ki rubuta "chat" zai karanta miki kyanwa, "table" da "nation" da "six" duk rubutu ɗaya ne a harsunan biyu amma faɗa daban. Yana jefar da h na farkon kalma, yana haɗiye s na ƙarshe don an koya masa ba a faɗarta, sai "books" ya zama "book" kuma shi a ransa daidai ya yi. Wannan na kowa da kowa ne. Bayan shi sai kowane yaro ya zo da na harshen gidansu. Ɗan Hausa p da f ne ke haɗe masa, "pan" da "fan" abu ɗaya ne a bakinsa, kuma ba ya son baƙaƙe biyu a jere sai ya cusa wasali, "stop" ya koma "sitof". Ɗan Fulani yana da p da f daban daban a harshensa don haka wannan ba ta dame shi ba, nasa yana wani wajen. Ɗan Shuwa daga Kuseri p ɗin ce babu a Larabci sai ya mai da ita b. To ki ɗauka yara ukun nan suna kallon bidiyonki guda, kin faɗi "pan" da kyau har sau goma, kowannensu ya maimaita kuskurensa sau goma kuma bidiyon ta ce masa very good ta wuce gaba. Ba wanda ya ji shi.

Abu na biyu da nake tsoro shi ne hadda. Yaranmu Allah ya ba su kaifin hadda, in ya kalli bidiyo sau huɗu zai karanta miki shafin nan tas ba gargada, uwa ta yi ta murna ɗanta ya iya angile, wato Turanci. Ki juya jerin kalmomin ko ki rufe hoton ki ga yadda zai tsaya cak. Hanyar gane mai karatu da mai hadda ita ce a ba shi kalmar da bai taɓa gani ba amma da haruffan da ya sani, in an koya masa s a t i p n kamar yadda tsarin koyar da karatu na Jolly Phonics ke farawa, ya yi "sat" da "pin" da "tap", sai ki miƙa masa "nip" ko "spin" ki yi shiru ki ji. Wannan gwajin sai da mutum.

Mu da muka yi makarantar allo ai mun san tsarin. Malam zai biya maka, ka koma gefe ka yi ta nanatawa kai kaɗai, amma ba ka wanke allo sai ka dawo gabansa ya saurare ka ya gyara inda ka karkace. Biyawar nan ana iya naɗarta a waya babu laifi, har ma ta fi kyau don ba ta gajiya. Sauraron ne ba ya naɗuwa.

Ku tuna 2020 da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona, CRTV, tashar gwamnatin Kamaru, ta riƙa sa darussa a talabijin, malamai ƙwararru aka ɗauko ba wasa ba, musamman don masu jarrabawa. Babban ɗalibi da ya riga ya iya karatu zai iya zama da biro da kaye, wato littafin rubutu, ya amfana. Ƙaramin da bai haɗa baƙi ba kallo kawai ya sha. A Amurka ma wani kwamitin masana da majalisarsu ta sa ya bincika koyar da karatu ya fitar da rahoto a 2000, cikin abubuwan da ya tabbatar akwai cewa yaro ya yi karatu da ƙarfi wani na jinsa yana gyara masa yana ƙara masa saurin karatu da fahimta. Yaran da Turanci ne harshen uwarsu ke nan fa, ina ga namu.

Amma kada ki ɗauka ina cewa ki tara yara ashirin a kira ɗaya. Wannan ya fi komi muni. A aji kina iya cewa kowa ya maimaita su amsa baki ɗaya, a waya muryar kowa da lokacin da take isowa, sai ki ji kamar kasuwar dabbobi, dole ki rufe musu makirfo, in kin rufe kuwa kin dawo bidiyo ke nan sai dai mai tsada da ba a iya maimaitawa. Kai tsaye in za a yi shi to yara uku ko huɗu, minti goma sha biyar, su ne ke karatu ke kina ji. In kika ji muryarki ta fi tasu yawa a kiran to asarar forfe ake yi.

Dalibi_Dang_Ngaundere

Slm. Baba Malam kun gama magana, ni ɓangaren waya zan ɗan ƙara tunda shi nake karanta. Anti ki lura da lissafin nan, kiran bidiyo na awa ɗaya a Zoom yana iya cin rabin jiga ko fiye, kuma kowane gida zai ci nasa ke ma ki ci naki, sannan na kyauta minti 40 yake yankewa. WhatsApp yana ɗaukar mutum 32 a kira amma kin ji abin da Baba ya ce kan taron. Saƙon murya na minti ɗaya kuwa ko mega ɗaya bai kai ba, kuma in rezo ya gudu yana jira ne ya tafi daga baya ba ya lalacewa.

Akwai wani abu kuma da mutane ba su cika lura da shi ba, kira yana matse murya. Kiran waya na gargajiya yana yanke sauti daga wajen haz 3400 zuwa sama (haz shi ne ma'aunin kaifin sauti), kuma bambancin s da f da th yawancinsa can sama yake, shi ya sa in mutum na faɗa maka suna a waya sai ka ce s ko f? Na intanet ya fi shi amma da rezo ya yi rauni shi ma sai ya rage ingancin. To ke nan koyar da sabon sauti a kira kai tsaye shi ne wuri mafi muni, gara ki naɗa a ɗaki shiru ki kawo kyamara kusa da baki yaro ya ga harshe tsakanin haƙora a "th", ya ga leɓe ya rufe a p bai rufe a f ba. Bidiyon kada ta wuce minti uku zuwa biyar, sauti ɗaya ko biyu, kuma ki rage girmanta kafin ki tura.

Sai su kuma su karanta su turo miki saƙon murya ki saurara lokacin da kika samu ki mayar da gyara. Ba kai tsaye ba ne amma an saurari yaro. A Botswana lokacin korona an yi gwaji da iyalai dubbai, wasu aka riƙa tura musu aiki ta saƙon tes kawai wasu kuma tes ɗin da kiran waya na ɗan mintuna sau ɗaya a sati, waɗanda ake kira ɗin su ne suka nuna ci gaba na sosai. Lissafi ne aka koyar ba karatu ba gaskiya, amma kira ne na murya zalla a ƙaramar waya ba bidiyo ba Zoom, wannan ne ya burge ni.

Don abin karantawa ki duba African Storybook, kyauta ne daga Afirka ta Kudu, akwai labaran yara da Turanci matakai matakai akwai da Hausa ma, ana saukewa. Akwai kuma Read Along na Google da ke sauraron yaro yana karatu ko ba intanet in an riga an sauke labarin, yana taimakawa wajen nanatawa, sai dai na'ura ce ba za ta ce masa p ɗinka ce ta zama f ba.

Maman_Biyu_Lopere

Kowa ya yi maganar rezo ba wanda ya yi maganar gida. Malama ke mace ce kin sani, ba kowane maigida ne zai yarda a buɗe kyamara cikin gidansa ba, ana ganin tsakar gida ana ganin matan gida suna wucewa ba mayafi, ga 'yan mata da suka fara tasawa. Ni nawa da jin bidiyo kai tsaye ya ce a'a, da aka ce murya ce kawai bai ce komi ba. Ke ma kanki ki yi tunani in fuskarki za ta yi ta yawo a wayoyin mutane, in ba ki so ki ɗauki baki da allo kawai.

Sannan maganar Abban Sadiya ta Xender, yi haƙuri Alhaji amma nan ne za a kashe wa baiwar Allah kasuwa, mutum ɗaya ya biya unguwa guda ta kalla. Shawarata ki bar bidiyon ta yi yawonta kamar talla, kuɗin da za ki karɓa na sauraro da gyara ne, wanda ya turo kuɗin wata ta MoMo ko Orange Money shi ake jin karatun ɗansa.

Kuma ki yi hattara da saƙon muryar nan, na kama babbar 'yata tana raɗa wa ƙaninta kalmomin yana maimaitawa ana naɗa, wani lokacin ma su goge su sake har sai ya haddace. To kiran kai tsayen kada ki yar da shi gaba ɗaya ko da sau ɗaya ne a sati, nan ne asirin kowa ke tonuwa.

Abban_Sadiya_Kuseri

Hhhh Hajiya kin kama ni, to na yarda za mu biya na sauraron. Amma dan Allah Malama kiran ki sa shi bayan isha'i ko ranar Lahadi lokacin da wayar ke gida, agogon Garwa da Kuseri da Njamena duk ɗaya ne ba matsala.

Malamar_Angile_Garwa

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Abin da na tsara yanzu shi ne gajerun bidiyo biyu a sati, kowane yaro ya turo karatunsa ta murya, ranar Asabar ko Lahadi in kira su uku uku da murya kawai in ba su kalmomin da ba su taɓa gani ba. Baba Malam saura tambaya biyu gare ku. Bayanin cikin bidiyon da wane harshe zan yi, don wasu iyayen cewa suke in yi Turanci zalla wai shi ne yaro zai fi saurin ji, ni kuma ina ganin ba su fahimta. Na biyu in yaro ya yi kuskure biyar a saƙo ɗaya duka zan gyara? Ina tsoron in zauna da saƙonni talatin har tsakar dare ga aikin lekol da safe ga na gida.

Tsohon_Malami_Marwa

'Yata bayani ki yi shi da harshen da yaron ke ji, in za ki ce masa sa harshenka tsakanin haƙora ka hura iska to da Hausa ko Fulatanci za ki faɗa, sannan sautin da kalmomin da jimlolin su zo da Turanci tsantsa. Tunda bayanin ɗan kaɗan ne kina iya naɗa kashi biyu. Faransanci ki ajiye shi don wuri ɗaya, inda za ki nuna musu ga yadda ake faɗa a can ga yadda ake faɗa a nan, kamar i ɗin da ke cikin "six" da "time", don abin da ke rikita su ke nan gara a fito da shi fili. Ma'anar kalma ma ki faɗa musu da harshen gida, yaro na iya haɗa baƙi ya furta "hen" daidai bai san kaza ake nufi ba, kuma ke kin ce so kike ya gane. Iyayen da ke son Turanci zalla ki tura musu ɗan labari da Turanci da muryarki a ƙarshen sati yaro ya yi ta saurara, hankalinsu zai kwanta.

Gyara kuwa guda ɗaya, wanda ya shafi sautin satin nan, sauran ki rubuta a kaye gaban sunansa ki bari sai lokacinsu ya zo. Ki fara da abin da ya yi daidai ki kira sunansa, sannan ki faɗi kalmar ki ce ya sake turo ita kaɗai. Ki ƙayyade musu layi huɗu ko biyar kada saƙo ya wuce rabin minti, in kin yi haka talatin ɗin za ki gama su cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. In kika ga rabin yaran kuskure ɗaya suke yi to ba sai kin bi su ɗaya ɗaya ba, ki naɗa gyaran sau ɗaya ki tura zauren WhatsApp ɗin yaran. Kuma kada ki fara da talatin, ki fara da goma sha biyu na wata guda ki ga yadda barcinki zai kasance kafin ki ƙara.